Nikolai Vavilov: Masanin da Ya Tara Irin Shuka na Duniya, Yunwa Ta Kashe Shi a Kurkuku

An haifi Nikolai Vavilov a birnin Mosko na ƙasar Rasha a shekarar 1887. Ya taso a zamanin da yunwa ke yawan afka wa ƙauyukan ƙasar, abin da ya karkata hankalinsa ga karatun aikin gona. A 1913 ya tafi Ingila, inda ya yi aiki da William Bateson, ɗaya daga cikin magabatan ilimin gadon halitta.

Binciken Vavilov ya ginu a kan cewa kowace shuka tana da mahaifarta ta asali, kuma a can ake samun nau'o'inta mafi yawa, har da masu jure fari da sanyi da cuta. Domin neman irin waɗannan, ya zagaya nahiyoyi biyar. Ya je Iran a 1916, Afganistan a 1924, sannan Habasha a 1927, wadda ya lissafa cikin cibiyoyin asalin amfanin gona saboda yalwar nau'o'in dawa da sha'ir da alkama da ya tarar. Zuwa 1940, cibiyarsa ta birnin Leningrad ta tara samfurin iri kusan 250,000.

Sai dai siyasa ta rutsa da shi. Trofim Lysenko, wanda ya musanta ilimin gadon halitta ya kuma yi alkawarin bunƙasa amfanin gona cikin gaggawa, ya samu goyon bayan Stalin. A watan Agustan 1940 aka kama Vavilov yana tsaka da tattara iri a Yukiren. An yanke masa hukuncin kisa a 1941, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20. Ya rasu ranar 26 ga Janairun 1943 a kurkukun Saratov sakamakon yunwa.

A daidai wannan lokaci sojojin Jamus sun yi wa Leningrad ƙawanya. Ma'aikatan cibiyarsa sun ci gaba da gadin rumbun irin, wasunsu yunwa ta kashe su alhali suna zagaye da shinkafa da gyaɗar da suka ƙi taɓawa.

A 1955 hukumomin Tarayyar Sobiyat suka wanke shi daga zargi. Cibiyar tana nan a birnin, wanda yanzu ake kira St. Petersburg, tana ɗauke da sunansa, kuma masu inganta iri na ci gaba da amfana da taskarta.