LADI KWALI: MACEN DA TA YI ZANE A JIKIN TUKUNYA HAR DUNIYA TA SAN TA

Uwargida, in akwai takardar naira ashirin a bakin zanenki ko cikin gwangwanin kuɗin cefane, ɗauko ta ki duba. A gabanta hoton marigayi Janar Murtala Muhammed ne, wanda kowa ya sani. To, juya bayanta. Za ki ga wata mace da babbar tukunya a gabanta tana aiki a kai. Sunanta Ladi Kwali. Ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta iya karatu da rubutun boko ba, amma tun 2007 hotonta yake kan kuɗin Nijeriya, ita ce kuwa 'yar Nijeriya ta farko da aka yi wa wannan karamci da sunanta.

Labarinta muka kawo miki yau, ke da 'yarki. Musamman ke 'yar makaranta ta Rano ko Kibiya, wadda malami ya ce ki zana tulu, kika zana, ya fito a shimfiɗe kamar faifai, ƙawaye suka yi dariya, har kika fara cewa ke ba ki da hannun zane. Dakata tukuna, kada ki yar da fensirin sai kin ji yadda wannan baiwar Allah ta fara.

ASALINTA

An haifi Ladi wajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, wanda yanzu yake cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Sunan nata kuwa irin namu ne, watau wadda aka haifa ran Lahadi. A ƙasarsu ginin tukwane sana'ar mata ce, yarinya takan tashi ta tarar da iyayenta mata suna yi, ta fara da ɗebo yumɓu da kwaɓa shi, sannu-sannu har a bar ta ta gina ƙaramin kasko. Ladi a wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koya, tun tana ƙarama.

Ba su da inji ko ɗaya. Maginiya takan ajiye curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jawo shi sama, tana murza wani yumɓun kamar igiya tana ɗorawa a kai, tana zagaya tukunyar da ƙafarta har ta tashi. Ba ma'auni, ba tsinken awo, ido da hannu ne kaɗai, amma sai randa ta fito da ciki daidai ta kowane gefe. Ki riƙe wannan, gama shi ne darasi na farko. Kafin Ladi ta yi suna da zane, sai da ta yi shekaru tana koya wa idonta ganin siffa, da inda abu ya kumbura da inda ya tsuke.

YADDA TAKE ZANE

Idan tukunya ta sha iska, ba ta jiƙe ba, ba ta kuma bushe sarai ba, sa'an nan ake yi mata ado. Ladi takan fara da raba jikin tukunyar gida-gida da layuka, na tsaye da na kwance, yadda kowane zane zai sami mazauninsa. Cikin gidajen nan take zana kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, da tsuntsu, da wani ɗan abu mai kaifi kamar wuƙa. Duk halittun da take gani a dajin garinsu ne da bakin rafi, ba ta ɗauko su daga littafin kowa ba.

Bayan ta fitar da siffar, sai ta cika cikinta da ƙananan layuka. Wani wuri ta jera su kusa da kusa, wani wuri ta gicciya waɗansu a kansu kamar saƙar taru, wani wuri ta bar shi fili. Tana kuma da ɗan guntun icce mai tsaga-tsaga, da murɗaɗɗen zare, waɗanda take mirginawa a kan yumɓu su bar sawu iri ɗaya. In kika tsaya nesa kaɗan, sai ki ga inda layuka suka yi yawa ya yi duhu, inda suka yi ƙaranci ya yi haske. Wannan dabara ita ce dai masu zane da fensir suke bi wajen sa inuwa. Ki dubi fuskokin da ke jikin takardun kuɗi da kyau, za ki ga su ma da siraran layuka aka fitar da haskensu da duhunsu.

Aiki a kan yumɓu ba shi da abin gogewa. Layin da aka ja ya zauna ke nan, saboda haka dole mai yi ta duba sosai kafin ta sa hannu, in ta sa kuma ta ja shi gaba ɗaya ba da rawar hannu ba.

SARKI YA GANI, BATURE YA GANI

Tukwanenta suka yi suna a kasuwannin yankin, har Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya sayi waɗansu ya ajiye a gidansa don sha'awa. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda Zagezagi suka kafa, ita ce yau ake kira Suleja a Jihar Neja.

A farkon shekarun 1950 wani Bature mai suna Michael Cardew, gwanin ginin tukwane daga Ingila, wanda gwamnatin lokacin ta ɗauka aiki, ya zaga ƙasar yana duba aikin magina. A gidan Sarki ya ga tukwanen Ladi, suka tsaya masa a rai. Cikin 1952 ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja, kuma da fari maza kaɗai aka ɗauka. Cikin 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin.

Ki lura, uwargida, a lokacin tana wajen shekara talatin, ta riga ta zama gwana, Sarki ma ya yaba. Amma ta yarda ta koma 'yar koyo a tsakiyar maza. Ta koyi gini a kan faifan nan mai juyawa, ta koyi yin kwanuka da farantai da butoci, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. A kan irin waɗannan kayan takan tsoma abu cikin ruwan farar ƙasa ko ja, sa'an nan ta kankare zanenta a kai da ƙayar beguwa, launin da ke ƙasa ya bayyana. Manyan randunanta kuwa ba ta daina gina su da hannu irin na gida ba. Sai dai yanzu akan cusa farar ƙasa cikin layukan, a shafe da ruwan ƙyalli mai duhu, zanen ya riƙa lekowa ta ciki.

Akwai abin da aka rasa a nan, bai kamata a ɓoye ba. Randar gida tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsattsafowa, iska ta busa ta ɗebe zafin. Wadda aka shafe da ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ba ta tsattsafo, ga ta da nauyi, ga tsada. Randunan Ladi na makaranta sun bar ɗakin girki sun koma abin kallo. Amma ta wannan hanya ce zanen matan Gwari ya kai inda bai taɓa zuwa ba.

TA SHIGA DUNIYA

An nuna tukwanenta a wani gidan nune-nune mai suna Berkeley a London cikin 1958 da 1959 da 1962, masu saye suka yi rububinsu. Cikin 1962 ita kanta ta je Ingila, ta tsaya gaban malamai da ɗalibai ta gina randa da hannu tun daga curin yumɓu har zanen ƙarshe, suna kallo. Cikin 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew tana yin haka. Da yake ba ta rubutu, alamarta a gindin kayanta haruffa biyu ne, L da K.

Cikin 1963 aka ba ta lambar girma ta MBE. Cikin 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Cikin 1980 ta sami lambar yabo ta ƙasa da ake ba masana da gwanaye, watau NNOM, a 1981 kuma ta OON. Ta buɗe wa waɗansu mata ƙofa, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto, waɗanda suka biyo ta makarantar. Wata yarinya 'yar Kenya mai suna Magdalene Odundo ta zo Abuja cikin 1974 ta koyi gini a hannunsu, daga baya ita ma ta zama shahararriya a duniya.

Ladi ta rasu a Minna ran 12 ga watan Agusta, 1984. An sa wa makarantar nan ta Suleja sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a Abuja. Tukwanenta suna ajiye a gidajen kayan tarihi, har da na Victoria da Albert a London da na Smithsonian a Washington.

ABIN DA ZA KI ƊAUKA

Yanzu mu dawo kan tulunki da ya fito kamar faifai. Ladi ba da fensir ta yi aiki ba, amma hanyarta za ta yi miki amfani.

Na farko, zana abin da ke gabanki. Ita ƙadangaren garinsu ta zana. Ke ma kina da randa a gindin bishiya, da turmi, da ƙwarya, da ganyen kuka. Wadda ba ta son zana abu mai rai, waɗannan sun ishe ta shekara guda ba ta gama ba. Ki daɗe kina duban abin fiye da yadda kike duban takardar.

Na biyu, fara da babban fasali, kamar yadda take raba tukunya gida-gida. Ki ja layi ɗaya mara nauyi a tsaye ta tsakiya, ki sa alamar baki, da wuya, da inda ciki ya fi faɗi, da gindi. Ki riƙe fensir daga nesa da bakinsa, ki motsa hannu duka, ba yatsu kaɗai ba. Sai fasali ya daidaita za ki shiga ado.

Na uku, san inda haske yake fitowa. Ki fitar da tulu tsakar gida da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana take gefe guda. Da tsakar rana inuwa takan taru a ƙarƙashi, ba ki ganin kome. Ki ɗan runtse ido, za ki ga kashi uku: wurin da haske ya buga, wurin da ke tsaka-tsaki, da wurin duhu. Ki lura kuma, mafi duhu ba a can bakin gefe yake ba, yana ɗan ciki kaɗan, domin ƙasa tana mayar da haske ga gefen. Inuwar da tulun ya jefa a ƙasa ta fi duhu a daidai gindinsa, tana raguwa tana yin nisa. In kina so ki ga wannan a babban abu, ki dubi duwatsun Rano da yamma, gefe guda ja-ja-wur, gefe guda ya yi duhu.

Na huɗu, sa inuwa da layuka irin na Ladi. Wurin haske ki bar takarda fara. Tsaka-tsaki ki jera layuka da 'yar tazara. Wurin duhu ki matso da su, ki gicciya waɗansu a kai. Layukan su lanƙwasa su bi cikin tulun, gama miƙaƙƙen layi shi ke mayar da abu mai ciki ya zama faifai. Kada ki danna fensir tun farko, ƙara duhu yana da sauƙi, rage shi ne wuya. Kada kuma ki murje da yatsa, maiƙon hannu yana ɓata takarda. Fensir mai alamar HB ya isa a fara, in kin sami 2B ko 4B sun fi laushi da baƙi. In babu, gawayi da bayan tsohuwar takarda ma sun yi.

Na biyar, ki riƙa yi kullum, ko na minti goma sha biyar. A gefen takarda ki zana gidaje biyar a jere, ki cika su daga fari har baƙi, kowanne ya ɗara na bayansa duhu. Wani lokaci ki ajiye abin gogewa, ki yi da biro, don hannunki ya koyi ƙarfin hali irin na mai zane a yumɓu. Ki rubuta kwanan wata a kowane zane, kada ki yaga ko da ya yi muni. Bayan wata uku ki jera su, ke da kanki za ki ga bambanci. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ke kuma uwargida, in kin ga 'yarki ta duƙufa tana zane bayan ta gama aikinta, kada ki ce ɓarnar takarda take yi. Hannun nan shi ne gobe zai fitar da zanen lalle, da surfani, da yankan ɗinki, da taswirar gini, da hotunan littafin kimiyya. Ki tuna Ladi wata babba ce a gidansu ta zaunar da ita ta nuna mata, ta kuma yi haƙuri da karkatattun kaskonta na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki saya mata fensir ɗaya da littafi ɗaya, ki ba ta aron tulun nan na bakin ƙofa, gobe da hantsi ta fara.