Lily Parr: An rufe mata filaye, ta ci gaba da zura ƙwallo shekara 30

Duk lokacin da aka zo gasar ƙwallon ƙafa ta mata, sai in ji matasa suna magana kamar jiya-jiyan nan mata suka fara taka leda. Shi ya sa na ga ya dace in kawo muku tarihin Lily Parr.

An haife ta a 1905 a garin St Helens na ƙasar Ingila, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, mahaifinta leburan masana'antar gilashi ne. Ƙwallo kuwa a fegi ta koya tare da yayyenta maza. A 1920, tana 'yar shekara 15 ko ƙasa da haka, Alfred Frankland ya ɗauke ta zuwa ƙungiyar Dick, Kerr Ladies da ke Preston. Ƙungiyar ta ma'aikatan wata masana'anta ce da ta ƙera harsasai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Matan suna buga wasa ne don tara wa sojojin da suka ji rauni kuɗi.

Lily doguwa ce, ga ƙarfi, ga ƙafar hagu kamar guduma. A kakarta ta farko ta ci ƙwallo 43. Har ana ba da labarin ta taɓa karya hannun wani gola namiji da shot ɗaya.

Ranar 27 ga Disamba 1920, mutum 53,000 suka cika filin Goodison Park na Liverpool don kallon ƙungiyarta da St Helens, wasu dubbai suka rasa wurin shiga. An tara sama da fam 3,000. Shekara guda bayan haka, ranar 5 ga Disamba 1921, hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta hana mata wasa a filayen kulob-kulob ɗinta. Hujjarta wai wasan bai dace da mata ba, kuma wai akwai ƙorafi kan yadda ake kashe kuɗin. Ni dai a ganina, wannan taron jama'ar ne ya tsorata su. Ai ba a kafa wa abin da ba mai kallo doka.

Lily tana da shekara 16 a lokacin, ko ganiyarta ba ta kai ba. Wata da sai ta rataye takalmi. Ita kam a 1922 ta bi ƙungiyar zuwa Amurka, suka kara da maza sau tara: suka ci uku, aka yi kunnen doki uku, aka ci su uku. Da suka dawo, sai wasa a duk filin da suka samu aro. Ta koyi aikin jinya, ta kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Whittingham, tana haɗa shi da ƙwallo har farkon shekarun 1950. Ana ƙiyasta ƙwallayenta sun haura 900. Aibinta da kowa ya sani shi ne taba, ba ta rabuwa da sigari.

Sai a 1971 aka ɗage dokar, ta tsufa, ba sauran gudu. Ciwon dajin mama ya yi ajalinta a 1978. A 2002 ta zama mace ta farko da aka sa cikin jerin gwarazan ƙwallon Ingila, a 2019 kuma aka kafa mutum-mutuminta a gidan tarihin ƙwallo da ke Mancesta.