Gani Fawehinmi: Lauyan da ya shigar da Yarjejeniyar Afirka zauren kotunan Najeriya

An haifi Abdul-Ganiyu Oyesola Fawehinmi a garin Ondo ranar 22 ga Afrilu, 1938. Ya tafi Landan karatun lauya a 1961. Rasuwar mahaifinsa ta riske shi a can, ya koma yin ƙananan ayyukan ƙarfi domin ɗaukar nauyin karatunsa. Ya fara aikin lauya a Najeriya a 1965.

Tun da farko ya yi suna wajen tsaya wa ɗalibai da ma'aikata da talakawan da ba su da kuɗin ɗaukar lauya. A 1985 ya kafa mujallar mako-mako mai wallafa hukunce-hukuncen manyan kotuna, wadda lauyoyi ke dogaro da ita har yau. Bayan kisan ɗan jarida Dele Giwa a 1986, ya bi kadin jininsa har Kotun Ƙoli. Wannan tsayuwar daka ta jawo masa ɗauri sau da dama a zamanin mulkin soja, ciki har da zaman kurkukun Gashuwa.

Babban abin da ya bari a fagen shari'a ya samo asali ne daga ranar 30 ga Janairu, 1996, lokacin da jami'an tsaron gwamnatin Janar Sani Abacha suka kama shi a gidansa da ke Legas, aka tsare shi a ƙarƙashin Dokar Soja ta 2 ta 1984. Dokar ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotuna sa baki. Sai lauyoyinsa suka jingina da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummomi, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, Majalisar Tarayya kuma ta mayar da ita dokar ƙasa a 1983.

Babbar Kotun Tarayya ta ce ba ta da hurumi. Kotun Ɗaukaka Ƙara kuwa, a hukuncin da Mai Shari'a Dahiru Musdapher ya jagoranta, ta ɗauki yarjejeniyar a matsayin doka mai daraja ta musamman, wadda dokar soja ba ta rushe ba.

A watan Afrilun 2000 Kotun Ƙoli ta raba gardama. Ta tabbatar da cewa duk yarjejeniyar da Najeriya ta sanya wa hannu ba ta da ƙarfin doka a cikin gida sai majalisa ta zartar da ita, kamar yadda sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya tanada. Tunda an zartar da ta Afirka, wajibi ne kotuna su yi aiki da ita, kuma idan ta ci karo da wata doka ta majalisa, ita za a fifita. Sai dai kundin tsarin mulki yana sama da ita. Wannan hukunci ne ma'aunin da ake bi har yanzu, shi ya sa sanya hannu a taron duniya kaɗai ba ya isar mai ƙara hujja a gaban alƙali.

Fawehinmi ya samu muƙamin babban lauyan Najeriya a 2001, bayan dogon jinkiri. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003 a jam'iyyar NCP da ya kafa, a 2008 kuma ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta OFR saboda halin da talakawa ke ciki.

Ya rasu a Legas ranar 5 ga Satumba, 2009, yana da shekara 71, sakamakon ciwon dajin huhu, aka binne shi a Ondo. A ƙarshen shekarar, sababbin ƙa'idojin shigar da ƙarar take haƙƙi, waɗanda Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sanya wa hannu, suka fara aiki, inda suka umarci kotuna su riƙa la'akari da Yarjejeniyar Afirka a irin waɗannan shari'o'i. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta karrama shi da lambar GCON.