J. R. R. Tolkien

John Ronald Reuel Tolkien (3 ga Janairu, 1892 – 2 ga Satumba, 1973) marubucin littattafan almara ne ɗan ƙasar Ingila, kuma masanin harsuna. An haife shi a Bloemfontein, Afirka ta Kudu, ya girma a Birmingham. Ya halarci yaƙin Somme a 1916, kuma ya riƙe muƙamin farfesa a Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1959.

Ayyukansa

Harsuna ya fara ƙirƙirowa, irin su Quenya da Sindarin, sannan ya tsara duniyar masu magana da su. The Hobbit (1937) don yara ya rubuta shi, kuma da shi aka fi son sabon mai karatu ya fara. The Lord of the Rings ya fito a juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. Ya rasu bai kammala The Silmarillion ba, ɗansa Christopher ne ya tattara shi aka buga a 1977.

Har yau masu karatu na gardama kan asalin Tom Bombadil, wanda zoben sihirin da labarin ya ginu a kai bai da iko a kansa. Tolkien ya bayyana a wata wasiƙa cewa da gangan ya bar lamarinsa a dunƙule.