Franklin D. Roosevelt (1882–1945)

An haifi Franklin Delano Roosevelt ranar 30 ga Janairu, 1882, a garin Hyde Park na Jihar New York a ƙasar Amurka. Iyayensa masu hannu da shuni ne. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, sannan ya koyi aikin lauya, amma siyasa ta fi jan hankalinsa. An zaɓe shi ɗan majalisar dattawan jiharsu a 1910, daga 1913 zuwa 1920 kuma ya riƙe muƙamin mataimakin ministan sojan ruwa.

A 1921, yana da shekara 39, wata cuta da likitoci suka ce shan-inna ce ta kama shi, ƙafafunsa suka shanye. Tun daga nan bai ƙara yin tafiya ba sai da ƙarafa a ƙafa, yana dogara sanda ko ya dafa wani. Da yawa sun ɗauka siyasarsa ta ƙare ke nan, sai ga shi ya ci zaɓen gwamnan New York a 1928. Da jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a 1932, bai bi al'adar zama a gida a kawo masa albishir ba. Jirgin sama ya hau zuwa Chicago ya karɓi takarar da kansa, a zamanin da mutane ke ɗari-ɗari da shiga jirgi. Ya hau mulki a watan Maris na 1933, lokacin da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ma'aikatan ƙasar ba su da aikin yi, ya kuwa ɓullo da ayyukan gwamnati da suka ɗauki miliyoyin mutane.

A Yaƙin Duniya na Biyu ne tarihinsa ya haɗu da namu. Tun 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano, amma yaƙin ne ya raya filinta. Da hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai Ingilishi suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, su harhaɗa su, su bi da su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, da Khartum har Masar. A watan Maris na 1941 Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta ba shi ikon ara wa Ingila makamai, a watan Agusta kuma ya sanar da cewa kamfanin Pan American zai riƙa kai jirage ta wannan hanya. Duk wannan ya faru ne kafin harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, wanda ya jefa Amurka cikin yaƙin gadan-gadan.

A watan Janairu na 1943 ya zama shugaban Amurka na farko da ya yi tafiya a jirgin sama yana kan mulki. Ya tsallako Tekun Atilantika ya sauka Bathurst, wato Banjul ta Gambiya, a hanyarsa ta zuwa taro da Churchill a Kasablanka. Talaucin da ya gani a Bathurst ya girgiza shi, ya ƙara masa ƙyamar mulkin mallaka. Da ma a 1941 shi da Churchill sun fitar da Sanarwar Atilantika, wadda ta amince da 'yancin kowace al'umma na zaɓar gwamnatinta. Churchill ya nuna ba da ƙasashen da Ingila ke mulka ake ba, amma a 1943 Nnamdi Azikiwe da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma suka kafa hujja da ita a Landan.

Shi ma fa bai kuɓuta daga zargi ba. A 1942 ya ba da umarnin da ya sa aka tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, alhali akasarinsu 'yan ƙasar Amurka ne, sojoji baƙaƙen fata kuma a ware suka yi yaƙin.

Sau huɗu yana cin zaɓen shugaban ƙasa. Ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 1945, a Warm Springs ta Jihar Georgia, saura ƙasa da wata guda Jamus ta miƙa wuya. A 1951 aka gyara tsarin mulkin Amurka, aka hana zaɓen mutum ɗaya shugaban ƙasa fiye da sau biyu.