Tarihin Bernhard Riemann, Masanin Lissafi na Jamus (1826-1866)

A wannan karo na zaɓo mana tarihin wani Bajamushe wanda duk yaronmu mai karatun injiniya a Jami'ar A&T, nan gabashin Greensboro, sai ya ci karo da sunansa.

An haifi Riemann ranar 17 ga Satumba 1826 a ƙauyen Breselenz. Mahaifinsa limamin coci ne, ba mai hali ba. A 1846 ya tura shi Jami'ar Gottingen ya karanci addini, amma zuciyar yaron tana kan lissafi. Ya nemi izinin sauyawa, uban kuwa ya yarda.

A 1851 ya gama digirin dakta a hannun shehin malami Gauss. Bincikensa a kan tagwayen lambobi ne, irin waɗanda mu injiniyoyi muke lissafin wutar lantarki da su. Ya nuna cewa an fi gane aikinsu idan an ɗora su a kan wata shimfiɗa, wadda yau ake kira shimfiɗar Riemann.

A 1854 ya gabatar da lacca a kan lanƙwasa. Ga misali: zana alwatika a kan tabarma, jimlar kusurwoyinta 180 ce daidai. A bayan ƙwarya ta fi haka, a kan sirdin doki ba ta kai ba. Ke nan da awo kaɗai, ba tare da ka sauka daga kan abu ba, za ka san siffarsa. Gauss ya fara wannan a kan shimfiɗa, Riemann ya faɗaɗa shi zuwa sarari mai fuskoki komai yawansu.

Tarin fuka ya yi ajalinsa a Selasca, ƙasar Italiya, ranar 20 ga Yuli 1866, bai cika shekara 40 ba. Amfanin aikin sai bayansa. A 1907 Poincaré da Koebe suka tabbatar da cewa kowace shimfiɗar Riemann tana da ma'auninta na asali, kuma lanƙwasarta ɗaya ce daga cikin ukun nan: ƙwarya, tabarma ko sirdi. A 1915 Einstein ya gina bayaninsa na maganaɗisun nauyi a kan lissafin Riemann.

'Yan uwa iyaye, da yawanmu likita ko injiniya kawai muke so yaro ya zama. Idan ɗanku ko 'yarku ta ce lissafi zalla take so, ku saurare ta kafin ku hana. Allah Ya yi wa zuriya albarka, amin.