Olabisi Ajala: Ɗan Najeriyar da ya ratsa Amurka a kan keke

A watan Yunin 1952 wani ɗalibi ɗan Najeriya ya hau keke daga birnin Chicago, sanye da kayan gargajiya, ya nufi Los Angeles. Tafiyar mil 2,280 ce, wato kimanin kilomita 3,670, kuma ya kammala ta cikin kwana 28. Idan aka raba, kusan kilomita 130 ke nan a kowace rana, nisan da ya zarce na Kano zuwa Ƙaraye. Ba tsere yake yi da kowa ba. Yakan yada zango a garuruwa ya gabatar da lacca kan Afirka, a zamanin da Najeriya ke hannun Turawan mulkin mallaka, Amurkawa da dama kuwa suna kallon baƙar fata a matsayin mutumin daji. Magajin garin Los Angeles, Fletcher Bowron, shi ya tarbe shi.

Sunansa Moshood Adisa Olabisi Ajala. A Ghana aka haife shi, ya yi karatu a Legas da Ibadan kafin ya tafi Amurka. Masu yabonsa sukan tsallake wani ɓangare na tarihinsa: kotu ta same shi da laifin bayar da cekin bogi, hukumomi suka yanke shawarar korarsa daga ƙasar, shi kuwa ya haye kololuwar wata hasumiyar rediyo domin nuna ƙin amincewa. Jarumta da rigima a jikinsa suke tare.

Daga baya ya koma kan babur ƙirar Vespa, ya zaga ƙasashe da dama na Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya, inda ya gana da Nehru na Indiya da Nasser na Masar da Golda Meir ta Isra'ila, ba tare da muƙamin jakada ko kuɗin gwamnati ba. Littafinsa, An African Abroad, ya fito a 1963. Mawaƙi Ebenezer Obey ya ambace shi a waƙa, har sunansa ya zama laƙabin duk mai yawan tafiye-tafiye a kudancin Najeriya.

Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Legas ranar 2 ga Fabrairu, 1999, cikin talauci.